Muryar da Ke Bayan Bango

"Yaya Nezihe, ki ɗan matsa da igiyar shanyarki, motar likita za ta shigo."

Mukadder ce, matar Sitki, tsaye a ƙofar kwantenar da suke kwana a ciki, wadda ke manne da tawa. Na cire zanen gadon, na kwance igiyar. Motar ta masu shuɗiyar riga ce, ƙungiyar 'yan kasuwar Izmir da suka kafa mana wannan sansani a bayan Antakya bayan girgizar ƙasa. Miya suna raba wa kowa, bargo ma haka. Amma Sitki na gaban goshinsu ne.

Su suka tono shi a kwana na huɗu, daga benen da muka zauna tare shekara ashirin. Mijina Behcet kuwa sai a kwana na tara aka fito da shi, aka naɗe shi a bargo, aka binne shi da lamba kawai a kan katakon kabarinsa. Ni ina Mersin lokacin, wajen 'yata da ta haihu. Tun daga nan hoton Sitki yake kan allon ƙungiya, yana kwance kan gadon ɗaukar marasa lafiya yana ɗaga yatsa. Duk wata sai sun zo da lemo da magani suna "Baba Sitki, Baba Sitki," kamar shi kaɗai gini ya taɓa dannewa. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi ya ci ni har ƙashi. Ko tarinsa na ji ta bango sai in ce a raina, ai kai kana da ƙirjin yin tari.

Ƙodarsa ba ta sake komawa daidai ba. Da likitan ya fito ran nan yana girgiza kai, Mukadder ta leƙo.

"Yana kiranki."

"Ni kuma? Masu riga sun ƙare ne?"

"Don Allah ki bar wannan halin yau. Wata goma sha huɗu yana aiko ni kina kora ta."

Na shiga. Ya rame ya koma kamar tsinke, ga zanen gado fari ƙal, ga matashin kai biyu. Har wannan sai da na ƙirga masa.

"Zauna, maƙwabciya. Har yanzu fuskar nan kamar an aiko miki da saƙon mutuwa?"

"Ai an aiko."

Ya ce, "Kwana uku muna hira da Behcet a ƙarƙashin ginin. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Hannuwana a danne suke, shi ne yake buga bututun ruwa da dutse. Bugunsa yaran nan masu shuɗiyar riga suka ji. Kafin su iso ya yi shiru, sai suka tarar da ni."

"Ka gaya musu?"

"Na gaya musu tun a mota. Suka ce Baba ka huta."

Wato har kwana ukun Behcet na ƙarshe, wannan tsohon ne ya samu, ba ni ba.

"Me ya ce a kaina?"

"Ya ce gara da Nezihe ta tafi Mersin, da tana nan da mitarta ta kashe mu kafin ƙishirwa." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Ya faɗa ya fi sau goma. Gara da ta tafi. Ki yafe mini, maƙwabciya. Wurinsa na zauna."

Na miƙe. "Bari in kwashe shanya, hadari ya taso."

Abin da na ce masa ke nan. Washegari da hantsi ya cika, kansa a cinyar matarsa.

Masu shuɗiyar riga sun zo mota biyu. An yi masa wanka da ruwan ɗumi, an sa shi a likkafani sabo, maza suna rige-rigen kama makara. Na tsaya bayan mata ina kallo, ina jin ƙyashin gawa, Allah ya yafe mini. Da liman ya juyo ya tambayi jama'a sau uku ko sun yafe masa haƙƙinsu, biyun farko bakina bai buɗu ba. A na uku na ce na yafe, amma ko wadda ke kusa da ni ba ta ji ba.

Da muka dawo Mukadder ta ajiye takalmansa a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi, don wani mabuƙaci ya ɗauka. Behcet bai samu wannan ba. Ba takalmin, ba ƙofar.

Na taka zuwa rumfar ƙungiya, na ce wa matar da ke rabon kaya ta ba ni takalmin maza lamba arba'in da uku.

"Na wa, Inna?"

"Na wanda ya buga muku bututu."

Ta dube ni, ta sunkuya ta ɗauko baƙi mai igiya. Na goge shi da gefen ɗankwalina, na jera shi a bakin ƙofata.

Kafin la'asar an ɗauke na Sitki. Na Behcet na nan, yayyafi yana taruwa a cikinsa.