Shimfiɗar Auren Cholpon

Toktosun mijina ya fi yarda da gafiyar dutse a kaina. Tun shigowar kaka nake ce masa mu sauka ƙauye, maƙwabta duk sun naɗe tantunansu sun bar makiyayar kan dutse. Shi kuwa sai ya nuna mini ramuka da bakin bulala.

"Duba can, uwar Cholpon. Muddin gafiyoyi ba su toshe ramukansu ba, babu batun dusar ƙanƙara."

"To, ɗalibin gafiya, Allah ya ƙara ilimi," in ji ni.

Tumakin da muke kiwo ba namu ba ne, na mutanen ƙauye ne. Kowace da tsagar mai ita a kunne. In ɗaya ta mutu, kunnen za ka yanko ka kai, ka tsaya a ƙofar gidan mutum kana kame-kame. Wanda ya cika kai kunnuwa, baɗi ba mai ba shi ko ɗan akuya, kuma da kiwon nan muke ci.

An yi wa yawancin garken askin kaka a kan lokaci, har gashi ya fara tsiro musu. Ragowar ne Toktosun ya bari ya tafi wasan dawaki a bikin wani abokinsa. Da ya dawo ya aske su a makare, motar da ta kawo mana gari ta tafi da ulun ƙauye wurin masu shi. Ga su nan tsirara, fata sai ƙyalli take.

Da safe na tura ƙofar tanti ta ƙi buɗuwa. Sai da 'yarmu Cholpon ta sa kafaɗa. Wayyo Allah! Dusar ƙanƙara har gwiwa, mai jiƙa, ga iska na kwaso ta daga mashigar dutse, hanyar sauka kuwa ta ɓace ƙurmus. Askakkun tumakin sun cure a jikin shinge suna karkarwa, ko kuka ba sa iya yi.

"Baban Cholpon, je ka tambayo gafiya abin da za mu yi."

Ya ja hularsa ya fita, ni ma na bar zancen, don ba ranar gori ba ce.

Muka fitar da akwatuna muka cusa raunanan cikin tanti, har bakin murhu. Ba su shige duka ba. Na waje muka bi su da abin da hannu ya kai: tsofaffin shimfiɗu, bargon doki, buhun gari, har da rigar sanyin Toktosun ta zuwa biki. A huda, a zura igiya, a ɗaure a ciki. Kaya suka ƙare, tumaki ba su ƙare ba. Wata ta durƙusa a gabanmu, muka tashe ta, ta sake durƙusawa.

Sai na ga Cholpon ta fito rungume da shirdak ɗinta.

Shirdak shimfiɗar ulu ce, amarya ba ta shiga gidan miji babu ita, kuma auren Cholpon da mun sauka za a yi. Wannan kuwa uwata ce ta fara ta. Ta ɗinka kusurwa ɗaya, zanen ƙahon rago ja a kan shuɗi, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero, sai ciwon ajali ya kama ta. Ni da Cholpon muka ƙarasa sauran, mun ci lokacin zafin shekarar kaf muna ɗinki a ƙofar tanti.

"Ke, kina da hankali kuwa? Mayar da ita!"

"Apa, a kan shimfiɗa za mu ci abinci baɗi, ko ita za mu ci?"

Toktosun ya ce, "'Yata, bari. Laifina ne, ni zan kai kunnuwan."

"Ata, riƙe mini nan," ta ce, ta miƙa masa gefe ɗaya.

Da almakashin askin ta yanka. Ƙarar ta shiga mini har ƙashi. Na ce to, tunda abin ya zama haka, a bar mini kusurwar uwata. Cholpon ta kewaye ta da almakashi ta ba ni, na cusa a ƙirjin rigata.

Muka yi ta ɗaurawa. Ka ga tunkiya da furanni a gadon baya, rago da rabin tsuntsu a gindi. Ko a wannan hali sai da Toktosun ya ce yau garkensa ya fi amarya ado, na ce ya rufe mana baki.

Saura ɗaya. Baƙar tunkiya, tsohuwa, ramammiya, ta maƙale a bayan tulin kashin shanun da muke hura wuta da shi. Na duba kunnenta, na san tsagar. Ta Kalicha ce, tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka tafi ci-rani ba su waiwayo ba. Ita ke nan gare ta. Da kanta ta jawo ta ranar da za mu hau dutse, tana ce mini, "Burul, ki kula da ƙanwata."

Cholpon ta kau da kai, Toktosun ya shiga gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Na tsaya ina jin haushin kowa, har da tunkiyar. Sannan na ciro kusurwar, na huda ta da kaina, na ɗaura.

Iska ta kwanta, rana ta fito, amma sai da muka jira dusar ta yi ɓawo. Toktosun ya sa dawaki a gaba su fasa hanya, shanu a bayansu, tumaki a ƙarshe. Biyu suka mutu a hanya, kuma duk cikin masu gashi ne, suka zame a gangare. Askakkun kaf suka isa. Yara na bin mu suna ihu, mata na leƙowa suna dariya, har sai da suka gane abin da ke bayan tumakin, dariyar ta tsaya.

A bakin ƙauye na lura baƙar tunkiyar ba ta da riga. Wataƙila a mashigin kogi igiyar ta tsinke. Toktosun ya koma a kan doki ya bi gaɓar ruwa har yamma, ya dawo hannu rabbana.

Matan ƙauye suka dawo da guntayen, kowa ta wanke nata. Muka taru a ɗakina da shayi da gurasa muka harhaɗa. Ta haɗu, sai dai tabon ɗinki ko'ina, ga warin tumaki da ya ƙi fita, ga kusurwa ɗaya babu. Ana gobe za a kai kayan ɗaki sai ga Kalicha da sandarta. Ta dake ulun askin tunkiyar tata ta yi ɗan ƙyalle baƙi, ba rini, ba zane. Ta zauna ta ɗinka shi a gurbin, idonta ba ya gani sosai, ɗinkin ya tafi a karkace kamar sawun mashayi.

Ranar kallon kaya, uwar ango ta ɗaga kusurwar da yatsa biyu.

"Wannan fa, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Wadda ta ba da duk abin da take da shi," in ji Cholpon. Matar ta sauke kusurwar a hankali ta gyara mata zama.

Kowa ya ce labari ya yi kyau. Toktosun har ba da shi yake a wurin biki, ya cire batun gafiya. Ban yi da-na-sani ba, tunkiyar ma ta haihu da bazara, kuma an ƙara mana garke. Amma abu ɗaya ke nan da uwata ta bari da ɗinkin hannunta, kuma yana can ƙarƙashin kogi. Duk ran da na je gidan Cholpon, tana nuna mini wurin manyan baƙi, ni kuwa a kan baƙar kusurwar nake zama, don kada in gan ta.