Ƙarnin da Ya Ƙi Fita

Kwalbar turare ta uku ke nan Gizlan, mai zanen gine-gine, ta fesa, amma ƙarnin kifi ko gezau. Saura awa ɗaya Si Lahlu, mai ginin, ya iso da baƙinsa a buɗe zauren biki mafi tsada a wannan gefe na Kasablanka. Shi kuwa mutum ne da ya taɓa korar injiniya don kawai ƙofa ta yi ƙara.

Shekara biyu ta yi tana mayar da tsohuwar masana'antar kifin gwangwani abin kallo. Ta farfaɗo da zanen fitowar rana da ke goshin ginin, ta toshe dogayen tsagogin hasumiyarsa da gilashi don kada sanyin na'ura ya tsere. Jiya aka gama toshewar, yau bango ya fara amayar da abin da ya sha shekara hamsin.

"Daina ɓarnar turare, 'yata," in ji Lalla Rkiya mai goge-goge, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana yanke kan kifi a nan, teburi ɗaya da marigayiya uwar Gizlan.

"Inna, don Allah ba yanzu ba."

"Yanzun nan kuwa. Wa ya ce miki tsagogin can ado ne? Ta nan iskar teku ke shiga ta kwashe wari. Kin toshe wa gini hanci, ke da digirinki."

Duk littattafan da Gizlan ta karanta ado suka kira tsagogin. Gilashin kuma Si Lahlu da kansa ya zaɓo shi daga Italiya, ba ya gajiya da nuna wa mutane.

"Me ya hana ki faɗa mini tun tuni?"

"Kin tambaye ni? Ke da ko gaishe ni sai kin waiwaya tukuna."

Kunya ta rufe Gizlan. Ai ta san wannan ƙarni sarai. Shi ne na mayafin uwarta, shi ya sa tana yarinya ta hana uwar zuwa ƙofar makarantarsu.

Wayarta ta yi ƙara, Si Lahlu ne. Ta kife ta a kan teburi, ta ɗauki guduma daga kayan magina, ta hau matakalar hasumiya da dogayen takalmanta.

A gaban gilashin farko ta tsaya. Ta ja ƙarnin nan har cikin ƙirjinta, a hankali, don ta san daga yau ba za ta ƙara jin sa ba. Sannan ta ɗaga gudumar.