Tagar Jirgin Yola

Jiya da dare ina kwantawa mafarki ya sure ni, ya dire ni a filin jirgin Sakkwato, tsakiyar faɗa. Ni ce nake yi da direban jirgin, wata zabuwa mai tabarau. Ta ce daga nan zuwa Yola kilomita ɗari tara ne, awa ɗaya da rabi. Na ce ƙarya take, ni da na kwana biyu a mota lokacin bikin autar Yaya Kuluwa. Ta ce ai gaishe-gaishe na tsaya yi. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Yaya Kuluwa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, tana kwance a Yola ba lafiya. An aiko in same ta kafin la'asar, bayan la'asar sai yadda Allah ya yi.

Cikin jirgin ba kujeru, tabarmi aka shimfiɗa, kowa ya bar takalminsa a bakin ƙofa. Da muka tashi zabuwa ta waigo ta ce, "Iya, hanyar nan roba ce. Duk gaisuwa ɗaya tana ƙara mata kilomita goma."

Sai ga mu a kan Gusau. To, a wuce ta saman gidan ƙawata Hansai ba ko sannu? Na zuge taga, jirgi ya tsaya cak. Hansai na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago kai. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki. Daga nan ta ba ni labarin surukarta da ta sayi firji ta garƙame shi da kwaɗo. Ko da na rufe taga, Yola ta koma kilomita dubu da ɗoriya. Wani saurayi a gefena har ya yi furfura.

A Zariya dangin marigayi mai gidana ne, waɗanda in ba ki gaishe su ba sai an ji a lahira. Bakwai kawai na gaisar.

Sai Bauchi. Laure, aminiyarmu ni da Yaya, ta hau rufin ɗaki tana ɗaga mayafi, wai in tsaya, abin da ya faru gidan Alhaji Ɗan'iya ranar suna ba ya faɗuwa a waya. Kunnena ya kama ƙaiƙayi har ya kai faɗin faifai. Na dubi rana, saura kamu ɗaya la'asar. Na danne tagar da hannu biyu, na runtse ido, ina jin muryar Laure tana ƙanƙancewa.

Ina buɗe ido mun sauka. Gadon Yaya na tsakiyar filin jirgin, ga ƙofar ɗakinta a tsaye, ba bango. Ta rame ƙwarai, amma tana numfashi. Na kama hannunta, hawaye na zubo mini.

"Kin biyo ta Bauchi?" ta ce a hankali.

Na ce na biyo.

"Me Laure ta ce?"

Na ce ban tsaya ba, saboda ita.

Ta tashi zaune. Ta ce wata uku tana kwance, ba mai kawo mata komai sai kunu da addu'a, ni kaɗai take jira, ga shi na zo mata baki wofi. Matar da aka ce ko juyi ba ta iyawa ta sauko da ƙafafunta, ta ɗaura ɗankwali, ta ce ita za ta je Bauchin da kanta. Ta fita, ta buga ƙofa.

Na farka. Ashe mai ruwa ne ya jingina kurarsa da ƙyauren gidanmu.