Shekari Ya Manna wa Gida Takardu

Shekara goma sha tara Damaris ta yi tana sharar wani asibiti a Makera kafin aka lura ta iya karatu. Aka ce za a mai da ita teburin kati, in ta ci jarrabawar Turanci. Ta fara zuwa ajin yamma, komai ya shiga kanta ban da darasin sunaye. Malamar ajin yamma ta ce kashi huɗu ne, ita kuwa duk ɗaya take ganinsu.

Mijinta Shekari ya yi aikin sito a wata masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, kuma tun lokacin ba wanda ya ba shi abin jerawa. Ya karɓi littafin Turancinta ya duba.

"Maman Vicky, ai wannan aikin sito ne. Kaya ba sa ɓata in an manna musu takarda."

Ya sayo takardu kala huɗu. Ja ta sunan yanka, ya manna a hotunan yara. Shuɗiya ta tarkacen yau da kullum, kujera, firji, har ƙofar bayi. Koriya ta sunan taro, guda ɗaya ya rubuta, ya ɗaura a turken awaki. Rawaya ce ta ba shi wahala, ta abubuwan da ba a taɓa su da hannu. Ya zaga gidan sau uku, daga ƙarshe ya manna ta a ƙirjin rigarsa.

Damaris ta matso ta karanta. "Patience. Haƙuri ke nan?"

"Shi ne."

"A jikinka? Baban Vicky, cire ka ba mai shi."

Bai cire ba. Sati uku yana yawo da ita, har coci. Kowace safiya yakan bi Damaris da biro a kunne, tana taɓa abu tana faɗin kashinsa.

Ranar jarrabawa ta rufe ido ta zaga gidanta, kala bayan kala. Ta ci, aka ba ta teburin. Tambaya ɗaya kawai ta faɗi, ta sunan taro, don awakin sun cinye takardarsu tun ranar farko, Shekari kuma bai kawo rahoto ba.

"Da a sito ne, da an kore ka," in ji ta.

Ya ce ya sani.

Ta ɓare rawayar daga rigarsa, duk ta yi dauɗa, ta sa a jaka. Washegari tana manne a sabon teburinta, daidai inda masu layi za su gani.