Kwandalar da Na Wanke

Ina da shekara tara na yi wa Baba ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Na tarar da wata kwandalar azurfa a kan teburinsa ta yi duhu, na ce a raina wannan ai dauɗa ce. Na ɗauko man goge baki da tsohon buroshi, na tsuguna a bakin famfo na dirje ta tas, sannan na kai masa ina washe baki, ina jiran yabo. Baba ya karɓa, ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce in je in wanke hannuna. Bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi da na huta, don abin da ya yi ya fi duka ciwo: ya ajiye ta a durowar shagonsa, kuma shekara talatin ke nan duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa ita.

Sana'ar Baba duba tsofaffin sulalla ce, irin waɗanda masu sha'awa ke saya da tsada su adana. Shagonsa ɗan tsukukun ɗaki ne tsakanin mai yankan makulli da mai ɗaukar hoto. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ƙyallen karammiski da ake ɗora kaya a kai, sai gilashin ƙara girma da yake ratayawa a wuyansa. Abu uku yake dubawa, kuma tun ban iya karatu sosai ba na haddace su. Da farko yawan cin da hannun mutane ya yi wa kwandala, da shi ake ba ta maki. Sai launin da azurfa ke yi idan ta daɗe a ajiye, wanda shi yake kira rini. Na ƙarshe, wanda ya fi tsana a duniya, shi ne wanki. A wurinsa gara kwandala ta yi baƙi ƙirin da a ce wani mai tsafta ya taɓa ta. A nan ne yake jawo durowa ya fito da tawa, ya karkata ta a ƙarƙashin fitila, ya nuna siraran ƙarcen buroshi a kumatun hoton da ke jikinta, ya ce ga aikin autarsa. Mutane su yi dariya, ni kuma in cika in yi fam.

Baba ba shi da mota, ba shi da wani abin a zo a gani. Maganarsa ce dukiyarsa. Ko kwandala ta zo a liƙe cikin roba da makin wani babban kamfani a rubuce, akwai mutanen da ba sa sakin kuɗinsu sai sun ji ta bakinsa. In ya ce a saya, a saya. In ya ɗan tura ta gefe da yatsa, ciniki ya mutu.

Ni aikina a ɗakin gwaje-gwajen asibiti yake, wuni nake ina leƙa na'ura ina neman abin da ido ba ya gani. Ranar Asabar nakan je shagon in kai masa shayi, in yi masa mita. Kuma na daɗe da lura. Yakan zuba shayi ya sauka a gefen kofi. Mutum zai shigo, ba zai gaishe shi da suna ba sai ya yi magana. Na yi masa zancen likitan ido ya fi a ƙirga, kullum amsarsa ɗaya ce, wai fitilun zamani ne ba su da haske. Taurin kan Baba sai shi, kuma yayyena sun ce a wurinsa na gada.

Wannan Asabar ɗin na tarar da baƙi biyu. Ɗaya Likita ne, tsohon abokinsa da ya yi ritaya, wanda rabin abin da ya tara na sulalla ta hannun Baba ya bi. Ɗayan wani dillali ne mai fara'a, da jakar fata a cinyarsa. Ya kawo wata babbar kwandalar azurfa da Likita ya yi shekaru yana nema, kuma farashin da ya faɗa ya isa mutum ya sayi mota. Ba a liƙe take cikin roba ba. Dillalin ya ce haka magada suka ba shi ita a cikin ambulan, shi ma bai san tarihinta ba, shi ya sa ya yarda a zo wurin Baba.

Gaskiya kyakkyawa ce. Gefenta shuɗi, yana shiga ciki yana komawa ruwan zuma. Baba ya kama ta ta baki-baki da yatsu biyu, ya sa gilashi, ya daɗe yana dubawa. Ya yaba rinin, ya ce irin wannan sai ta kwana shekara hamsin a takarda. Ya ce in matso masa da fitila.

Ina karkata fitilar na gani. A ƙarƙashin launin nan mai kyau akwai siraran layuka, ɗaruruwa, duk sun nufi gefe guda. An goge ta. Kuma launin ya hau kan haruffa da fili bai ɗaya kamar fenti, alhali rini na gaskiya yakan bar ɗan fari a gindin haruffa. Wani ya wanke ta, sannan ya rina ta da magani don ya rufe ɓarnar. Baba da kansa ya koya mini wannan, ga shi kuma gilashi a idonsa bai gani ba.

In na yi shiru, Likita zai saya, kuma ranar da ya aika da ita kamfani a ba ta maki za a dawo masa da ita da shaidar wanki, kowa ya ji cewa Baba ne ya ce a saya. In kuma na buɗe baki, na kunyata mahaifina a shagonsa, a gaban abokinsa da bare. Na ji haushinsa, wallahi na ji, don da ya bi maganata da ba mu zo nan ba. Na kuma ji tausayinsa. Likita ya riga ya fara laluben aljihu, Baba kuma ya gyara murya zai yanke hukunci.

Sai na miƙa hannu na jawo durowa. Na ɗauko kwandalata, wadda na tsani gani tun ina yarinya, na ajiye ta a kan karammiskin, daf da ta dillalin.

"Baba, yau ka manta ba ka nuna wa baƙo aikina ba."

Likita ya yi dariya, ya ce ai shi ya gan ta sau ɗari. Baba bai yi dariya ba. Ya san ban taɓa fito da ita da hannuna ba. Ya lalubo ta, ya shafa bakinta da ɗan yatsa, sannan ya juyo wajena.

"Auta, me kika gani?"

Na faɗa masa, a hankali, yadda ɗalibi ke biya karatu: layukan, da inda suka nufa, da launin da ya hau haruffa. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire igiyar gilashin daga wuyansa ya miƙa wa Likita, ya ce ya duba inda na nuna. Likita ya duba, ya sauke numfashi. Dillalin ma ya duba, ya riƙe baki, ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi. Baba ya sa yatsa ya tura kwandalar gefe.

Na zaci a nan zai tsaya, ya ce gajiya ce ko fitila. Amma ya juya wajen abokinsa.

"Likita, da na sa ka saya. Ban gani ba. Shekara biyu ke nan ina nuna wa mutane ƙarcen kwandalar yarinyar nan da ka, don na san inda yake. Idona ya tafi."

Likita ya matso kusa da shi. Ya dafa kafaɗarsa, ya ce ranar Litinin shi da kansa zai zo ya kai shi wurin likitan ido, kuma ba shawara yake ba shi ba. Baba ya ce to. Wannan "to" ɗin da na yi shekara biyu ina nema, ga shi ya fito a sauƙaƙe, amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Da suka tafi na tattara kofuna, na naɗe karammiskin. Na kai hannu zan mayar da kwandalata durowa, sai ya riƙe ta. Ya kai ta ƙarƙashin fitila, ya karkata ta yadda ya saba, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa ta.

"Layukan suna nan har yanzu?"

"Suna nan, Baba. Ko ɗaya bai ɓace ba."

"Har wanda ya karkace a wajen kunne? Nan ne hannunki ya gaji."

Na ɗauki gilashin na duba. Yana nan, ɗan gajeren layi a karkace, wanda ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun nan. Na ce masa yana nan.

Ya gyaɗa kai, ya rufe tafin hannunsa a kanta, shi da bai taɓa yarda tafin hannu ya taɓa fuskar kwandala ba.

"Duk kayan shagon nan," in ji shi, "layukan nan na fi kewar gani."