Muryar da Ke Bakin Sabuwa

Nuriyya ta tsayar da fim ɗin, ta mayar da shi baya kaɗan, ta ƙara tura abin sauraro cikin kunnenta. Bas ɗin Al Sabkha ya cika maƙil, wata mata 'yar Filifin na jingine da kafaɗarta, amma Nuriyya ba ta ma san da ita ba. A fuskar wayar, Sabuwa mai sayar da turare ta buɗe baki tana waƙa, sanye da kayan matar attajiri. Bakin na Sabuwa ne. Muryar kuwa ba tata ba ce.

Aikin Nuriyya ke nan a wani kamfanin shirya tallace-tallace a Dubai: gyaran sauti. Shi ya sa da matasan ƙungiyar Hausawa suka yi wasan barkwanci na waƙa a bikin Sallah, aka ɗauke shi a fim, Alhaji Ɗalhatu ya ce ba za a tura shi gidan talabijin a Kano ba sai ta gani ta faɗi ra'ayinta. Shi ya kama musu zauren, shi ya sayi kayan wasan, sunan kamfaninsa na jigilar kaya ne a farkon fim ɗin. Kuma a ƙarƙashinsa mijinta Hafiz yake aiki, bizarsu su biyu a hannunsa take.

Ta sake sauraron baitin. Ta san muryar nan. Ta taɓa jin ta a kicin ɗin gidan Alhaji a Abu Hail, ranar wani suna, ana yanka albasa. Zaituna ce, 'yarsa, wadda ke karatun harhaɗa magunguna a Sharja. Kowa a cikinsu ya san abin da ya faru bara, da wani ya ɗauki Zaituna tana waƙa a wurin biki ya watsa a waya. Alhaji ya rantse a gaban mutane cewa in aka sake jin muryarta a waje, karatunta ya ƙare ke nan, Kano za ta koma.

Wayar ta yi ƙara. Hafiz ne.

"Kin kusa? Alhaji ya rufe ofis, kowa na jiranki."

"Ina hanya."

"Don Allah, Nuriyya, ki bi a hankali. Ki yaba abin da za ki yaba, mu tashi lafiya."

"Ya ce gaskiya yake so."

"Kowa haka yake cewa," in ji Hafiz, ya kashe.

Ta sauka a tasha, zafin la'asar ya buge ta kamar an buɗe murhu. Ta ratsa tsakanin masu tura amalanken kwalaye da shagunan sari, ta shiga benen da ofishin Alhaji yake. A kwanar matakala ta tarar da Zaituna a tsaye da tiren shayi a hannunta.

"Anti Nuriyya, kin kalla?"

"Na saurara."

Zaituna ta sunkuyar da kai. "Muryar Anti Sabuwa ta dushe ranar wasan. Salmanu mai tsara wasan ya ce baiti ɗaya ne kawai, ba wanda zai gane. A cikin kabad ɗin kayana na yi, da waya." Ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "Saura mini shekara guda in kammala, Anti."

"Wa ya sani?"

"Ni da Salmanu da Anti Sabuwa. Amma Kawu Muhsin ya kalla jiya, yana ta cewa bakin bai yi daidai da waƙar ba."

Nuriyya ba ta yi mata alkawarin komai ba. Ta gyara mata kofin da ya karkace, ta wuce gaba.

An ture teburan ofis gefe, an jera kujeru a gaban babbar talabijin ɗin da ake duba tafiyar jiragen ruwa a kanta. Alhaji Ɗalhatu na zaune a tsakiya da farar jallabiya, carbi a hannu. Ƙaninsa Muhsin na damansa. Salmanu, wanda ya tsara wasan, ma'aikaci ne a wani sito a Jebel Ali. Yana tsaye jikin bango da rigar aikinsa, yana ta goge tafin hannunsa a wando. Hafiz ya samu kujera can baya.

Ta rusuna ta gaishe da Alhaji.

"Lafiya lau, 'yata. Zauna nan kusa da ni. Mu 'yan kasuwa ne, dariya kawai muka sani. Ke ce mai kunne. Abin da kika ce shi za a yi. Yalla, Salmanu, kunna."

Labarin wasan na wani attajiri ne marowaci da ya ga kuɗin jirgi ya yi masa yawa, sai ya yanke shawarar shiga cikin kwantenar katifunsa a kai shi Legas tare da kaya. Daga farko har ƙarshe ba magana, komai da waƙa ake faɗa, har cinikin ɗan dako. An yi kwantenar da kwalaye aka shafa mata jan fenti. Da attajirin ya shiga ya ja ƙofa, sai ƙofar ta ɓalle ta faɗo masa a ka, shi kuma bai fasa waƙar ba. Alhaji ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Zaituna ta shigo ta raba shayi, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Nuriyya na kallon lokacin da ke tafiya a ƙasan talabijin. Ta san inda waƙar take.

Matar attajirin ta fito ita kaɗai, ta zauna a kan akwati, tana waƙar cewa ta yi kewar mijinta, amma tun da ya tafi take zuba nama a miya ba mai ƙirgawa. Waƙar ban dariya ce, amma muryar ta ɗauke ta ta kai ta wani wuri dabam. Siririya ce, tana hawa ba tare da ƙoƙari ba, tana ɗan karyewa a ƙarshen kowane layi kamar mai shirin kuka ta fasa. Ofishin ya yi tsit. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali.

"Kun gani?" Muhsin ya nuna talabijin da yatsa. "Ta rufe baki, waƙa na tafiya."

"Bari a gama," in ji Alhaji.

Da sunaye suka fara hawa, Salmanu ya kashe. Alhaji ya juyo gare ta.

"To, bismilla."

Nuriyya ta ɗauki kofinta. Ta kurɓi shayin da ya riga ya huce, ta fara da abin da ba shi da haɗari.

"Tsarin dandamalin ya yi, Alhaji. Kwantenar nan ta kwali ta fi ta gaske ban dariya, kuma kada a yanke wurin da ƙofa ta faɗi. Amma kyamara ɗaya aka kafa can bayan zaure, rabin fim ɗin ƙeyar mutane muke kallo. Duk inda attajirin ya yi abin dariya da fuska, ba ma ganin fuskar."

Salmanu ya gyaɗa kai da sauri.

"Waƙa fa?"

"Mai fitowa a attajiri yana da murya, amma yana riga kiɗa. Mai kalangu na binsa a guje. 'Yan amshi kuma su shida ne a dandamali, murya biyu ake ji, sauran baki kawai suke motsawa, ina jin ba su haddace ba." Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye. "Sautin ne babbar matsala. Na'urar sanyaya zauren tana gunji daga farko har ƙarshe. An maƙala wa attajirin makirufo a wuyan babbar riga, duk motsin da ya yi sai shadda ta yi ƙara. In aka tura shi haka, mutanen Kano za su ga ana dariya, ba za su ji abin da ake wa dariya ba."

"Zai gyaru?"

"Da yawa zai gyaru. Wasu baitocin sai an sake ɗauka."

"Saura waƙar matar," in ji Muhsin. Ya matso gaban kujerarsa. "Ke da kike jin gunjin na'ura, kin ji shi a wannan waƙar?"

Ba ta kalli bakin ƙofa ba, amma tana jin Zaituna a wurin kamar yadda ake jin zafin wuta a gefen fuska.

"Babu shi," ta ce. "Ba a zauren aka ɗauki waƙar ba. Daga baya aka ɗauka a ƙaramin ɗaki, aka ɗora. Haka ake yi a fina-finai, ba sabon abu ba ne. Wanda ya ɗora ne bai daidaita ta da baki ba."

"Na yarda. Muryar wa ce?"

Salmanu ya daina goge hannu.

"Shekara nawa muna sayen turare wurin Sabuwa," Muhsin ya ci gaba. "Muryarta kamar ta mai kiran fasinja a tasha. Wannan ta yarinya ce. Sunan kamfaninmu ne a kan abin nan, Yaya. Gobe a ce mun sa 'yar wani waƙa ba da sanin iyayenta ba, wa za a kama? Ke kin san muryoyi, Nuriyya. Ta Sabuwa ce ko ba tata ba ce?"

Ta hango Hafiz ya dafe goshi. In ta ce ta Sabuwa ce, ƙarya ce da kowa zai iya ganewa da kiran waya ɗaya, kuma Alhaji ba ya yafe wa wanda ya yi masa ƙarya a ido. In ta ce ba tata ba ce, tambaya ta gaba tana nan tafe.

"Kawu," ta ce, "an kira ni in faɗi ko waƙa ta yi ko ba ta yi ba. Wannan ta yi. Ita kaɗai ce a fim ɗin nan ba ta riga kiɗa ba, ba ta makara ba, kuma kowace kalma ta fita. In aka cire ta, sauran hayaniya ce. Wanda ya rera kuma, ba aikina ba ne."

"Ba ki amsa ba."

"Khalas, ya isa, Muhsin," in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba. "Ku ba mu wuri, zan yi magana da ita a kan gyaran."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Muhsin ne na ƙarshe, ya ja ƙofar da ɗan ƙarfi. Alhaji ya sunkuya ya ɗauki carbinsa daga ƙasa, ya daɗe yana jujjuya shi. Daga titi ana jin ƙahon motoci da ihun masu dako.

"Mayar mini da waƙar nan," ya ce.

Ta ɗauki abin sarrafa talabijin. Ta nemo wurin, ta kunna. Wannan karon bai kalli hoton ba. Ya rufe ido, ya jingina kansa da bango, har baitin ya ƙare.

"Haka mahaifiyarta take karya murya a ƙarshen magana," ya ce, idonsa a rufe. "Allah ya jiƙanta. In tana shara, in tana wanki. Ni kaɗai nake ji."

Nuriyya ta kasa cewa amin da ƙarfi. Ta faɗa a ranta.

"Tun ranar da Salmanu ya turo mini na gane. Layin farko." Ya buɗe ido ya dube ta. "Na yi rantsuwa a gaban mutane, 'yata. In na sani, dole in cika. Kin fahimce ni?"

"Na fahimta, Alhaji."

"To ban sani ba. Ke ma ba ki faɗa mini komai ba, kuma ba za ki faɗa mata na ce komai ba. Ki daidaita waƙar da bakin Sabuwa yadda ko Muhsin ba zai sake ganin rata ba. Shi kuma ki bar ni da shi." Ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙa mata, yana kallon gefe. "Wannan baitin kaɗai, ba hoto. Za ki iya sa mini a nan?"

Ta karɓa ta tura masa. Da ta zo sa wa waƙar suna sai ta tsaya. Ya ce ta rubuta "kaya," ta rubuta.

Da ta fito, Hafiz na can ƙasa yana waya da direban wata mota, ya ɗaga mata hannu yana tambaya da ido. Ta yi masa alamar ya jira. Zaituna na zaune a kan matakala, tiren a cinyarta, kofunan da aka sha a jere. Ta miƙe da sauri har cokali ya faɗi.

"Anti, me ya ce? Ya tambaye ki?"

Nuriyya ta dubi fuskar yarinyar, ta dubi ƙofar ofishin da ke rufe. Ta sunkuya ta ɗauko cokalin ta mayar mata kan tire.

"Ya ce na'urar sanyaya zauren ta cika ƙara," ta ce. "Je ki kai kofunan. Gobe kina da aji."