Wayar da Na Kashe wa Auta

Ni mai gyaran fanka ne. Ina da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Ina gyara fanka da dutsen guga, wani lokacin har da rediyo in ta samu. Karatuna bai yi nisa ba, amma hannuna ya san kayan wuta. Matata, wadda kowa ke kira Auta don ita ce ƙarama a gidansu, takan ce mini Injiniya don tsokana. "Injiniya, ka gyara fankar kowa, ta ɗakinka tana kuka kamar akuya."

'Yarmu ta rasu tana da wata biyar. Zazzaɓi ne na kwana uku. A ranar, Auta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mata suka zagaye ta, wannan ta ce ta yi haƙuri, waccan ta ce ba a kanta farau ba, wata ta ce ai yarinya ce, za ta haifi wasu. Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ya isa haka. Share hawayenki, mutane na kallo."

Auta mai jin magana ce. Ta share. Daga ranar ban sake ganin ɗigon hawaye a idonta ba, har wata huɗu.

Tana shara, tana wanki, tana girki. In na yi magana ta ce "to." In na yi shiru ita ma shiru. Abinci loma biyu ta ture kwano. Zaninta da take ɗaurawa zagaye ɗaya ya koma sai ta ƙara rabi. Kayan yarinyar kuwa Yaya ta riga ta tattara ta bayar, wai kada su riƙa tuna mata. Nakan zauna kusa da ita in yi ta kallon fankar nan tana juyawa.

Wata rana da azahar na dawo cin abinci, tun daga ƙofar gida na jiyo kuka. Na shiga da gudu. Na tarar da Auta zaune a ƙasa ta jingina da gado, wayarta a kan gwiwa, hawaye har wuya.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

Ta nuna mini wayar. Wani mutum ne tsaye cikin ruwan sama, ya miƙa wa wata mata lema, shi kuma yana jiƙewa.

"Shekara bakwai yana neman ta," in ji Auta, tana jan hanci. "Ita kuma ba ta gane shi ba."

Ashe Mai Kitso, maƙwabciyarmu, ce ta tura mata fim ɗin Koriya, irin masu dogon zango ɗin nan da aka fassara. Na tsaya ban san abin yi ba. Da kashin fim ɗin da take kallo ya ƙare ta wanke fuska, ta zuba mana shinkafa, ta cinye nata tas har ta ƙara. Sannan ta dube ni ta ce, "Injiniya, ka tsaya kamar an dasa ka. Zauna mana."

Wata huɗu ban ji wannan sunan ba.

Daga nan na fara rufe shago da wuri. Bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, mu jingina wayar da gwangwanin madara. Da farko dariya abin ke ba ni. Mutum ɗaya ke yi wa kowa murya, shi ne tsoho, shi ne budurwa, har kare in ya yi haushi sai ya fassara. Ga su da jan rai. Sai a yi kashi goma saurayi bai faɗi abin da ke ransa ba, sai dai ya durƙusa ya ɗaure mata igiyar takalmi, ko ya tsince mata ƙayar kifi ya tura mata naman. Na ce wa Auta, "Wannan da a layinmu yake, da tuni wani ya riga shi."

"Kai dai ka yi shiru ka koya," in ji ta.

Amma a hankali na gane abin da ya riƙe ta. Mutanen nan suna kuka ba su ɓoyewa. Tsoho da furfura zai zauna a bakin hanya ya yi ta rusa kuka, ba mai ce masa ya isa. Akwai wata uwa a ciki da ɗanta ya mutu, ta ajiye takalmansa a cikin akwati, kullum ta buɗe ta goge su. Mijinta in ya gan ta sai ya zauna a gefe, ya kawo mata ruwan zafi a kofi, bai ce uffan ba. Duk lokacin da aka nuno matar nan Auta sai ta mayar baya ta sake kallo, ta yi kuka har kafaɗunta na rawa. Bayan nan sai ta yi barci mai nauyi, da safe ta tashi tana 'yar waƙa wajen wanke-wanke. Kumatunta suka fara dawowa.

Ran nan Yaya ta zo ba sanarwa. Ta tarar da Auta idanu sun kumbura, tukunya kuma ta kama a kan wuta. Ba ta ce mata komai ba, sai ta biyo ni shago. Ta ture wata fanka ta zauna a kan benci.

"Ɗan'uwa, kai ne mijin ko wayar?"

"Yaya, me ya faru?"

"Ka san abin da ake faɗa a layinku? Wai matarka ba ta yi wa 'yar cikinta kuka ba, ga ta nan tana yi wa mutanen da ba su san da zamanta ba. Kullum kuka, kullum kuka, sai ta zauce? Mun samu ta haƙura, kun ɗauko abin da zai tayar mata da miki."

Na ce, "Ai tana cin abinci yanzu."

"Mahaukaci ma yana ci. Raba ta da abin nan tun ice yana ɗanye. In ba za ka iya ba, ni zan iya."

Ni ban taɓa yi wa Yaya musu ba. Ita ta yi mini wanka, ita ta kai ni koyon aiki. Kuma na san in ita ta je, da faɗa za a yi. Sai na ce a raina bari in bi ta hanyar da ba wanda zai ji zafi.

Washegari Auta na wanka na ɗauki wayar. Na buɗe bayanta da ɗan sukundireba, na zare siririyar igiyar da ke kai haske ga gilashi, na mayar na rufe. Da ta fito ta danna, ta danna, baƙi ƙirin.

"Injiniya, duba mini, ta mutu."

Na juya ta a hannu kamar gaske. Na ce gilashin ne ya tafi, kuma irinsa babu a kasuwa sai an kawo.

"Saura kashi shida fa," ta ce. "Yau ne uwar nan za ta kai takalman kabarin ɗanta."

Na ce za a kawo.

Sati na farko kullum sai ta tambaya. Na biyu ta tambaya sau ɗaya. Mai Kitso ta ce ta zo su kalla a tata, ta je sau ɗaya ta dawo, ta ce ba ta iya kallo a gaban mutane. Daga nan ba ta sake zancen ba. Kukan ya tsaya. Waƙar ta tsaya. Muka koma "to" da loma biyu. Yaya ta zo ta gan ta tana shara ido a bushe, ta ja ni gefe ta ce, "Ka gani ko? Ta warke."

Ni na san ba warkewa ba ce. Wata rana na dawo na same ta tsaye a tsakar ɗaki riƙe da tsintsiya, ba ta shara, ba ta ajiye ba, tana kallon bango. Na kira ta sau uku kafin ta waiwayo. Ban tsaya tunani ba, na ciro wayar daga ƙarƙashin katifa, na zauna a gabanta, na buɗe, na mayar da igiyar, na danna. Haske ya kawo.

Na miƙa mata ina murna. Ba ta karɓa ba. Hannuna take kallo, da sukundireban.

"Ina sabon gilashin?"

Na ajiye sukundireban a ƙasa.

"Ashe aikin minti biyu ne," in ji ta.

"Auta, Yaya ce ta ce..."

"Yaya ba ta iya buɗe waya ba." Muryarta a kwance, ko ɗagawa ba ta yi ba. "Su duk sun hana ni, ban ji haushi ba, ba su sani ba. Kai kana zaune kusa da ni. Kai ka san wa nake yi wa kukan."

Na kunna mata kashin da ta tsaya, na jingina da gwangwanin. Mai fassara ya fara magana. Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita tsakar gida.

Bayan kwana uku ta ce tana so ta je gida wajen mahaifiyarta ta ɗan huta. Ban hana ba. Ni na ɗaukar mata jaka zuwa tasha, na samo mata wuri kusa da taga, na sayo mata ruwa. Na tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta ce, "Ka cire wankin da ke kan igiya, hadari na haɗowa."

Sati bakwai ke nan. Na je sau biyu. Na farko ta fito ta gaishe ni kamar baƙo, ta koma ciki. Na biyu mahaifiyarta ce ta fito, ta ce Auta na kwance, ba ta cin kirki, in ƙara ba ta lokaci. Na tambaya ko tana kuka. Tsohuwar ta ce a'a, ko sau ɗaya, ai yarinyar akwai haƙuri.